Baba Gana da Tantanin Albasa

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Baba Gana ya riga ya sauka daga keke, da albasa biyu a aljihunsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tasowa daga unguwar Bulabulin zuwa wata sakandaren 'yan mata a unguwar Galtimari, inda yake kula da ɗakin gwaje-gwaje. Ba malami ba ne. Shi ke shara, shi ke wanke gilasai, shi ke goge madubai ukun nan masu ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Zai ɓare albasa, ya zare tantaninta da farce, ya shimfiɗa a gilashi, ya ɗiga ruwan aidin don ya rina shi, ya murza madubi, sannan ya ja da baya.

"To 'yata, me kika gani?"

Tambayar nan ta ishi ɗalibai. In yarinya ta ce ƙwayoyin halitta ta gani, sai ya ce wannan a littafi ta haddato. Dole ta faɗa da bakinta: ɗakuna a jere kamar bulo, kowanne da bangon da ke tsare shi, cikinsa ruwa-ruwa, ga ɗigo mai duhu, cibiyar da ke tafiyar da aikin ƙwayar. "Ɗigon yana tsakiya, ko ya raɓe gefe?" Malama Ketura, malamar bayoloji, ta daɗe tana yi wa baƙi alfahari da wannan dabara, don ɗalibanta ba sa faɗuwa a jarrabawar gwaji.

Saura mako guda ya yi ritaya, wata ɗaliba, Rumaisa'u, ta ce, "Baba, ni fa ban ga komai ba. Zo ka duba mini."

Ya sunkuya ya ɗora ido. Ya murza gaba, ya murza baya, ya daɗe. Malama Ketura ta matso, sai ta ga gefen hijabin yarinyar ya rufe wurin shigar haske ruf. Duk mai ido da ya leƙa sau ɗaya zai san duhu ne. Ta jira aka fita tara, ta turo ƙofa.

"Baba Gana, tun yaushe?"

"Shekara biyar, Malama. Yanar ido ce ta rufe mini gani. Mutum ina ganin inuwarsa, hanya kuma ƙafa ta san ta. Amma cikin bututun madubin nan, wallahi babu."

Ta zauna a kan benci. Shekara biyar! Ashe da yatsa yake jin kaurin tantani, da ƙirga murɗi yake saita madubi. Ashe tambayar da take alfahari da ita, aron idon yara yake yi. Kunya ta kama ta, kullum suna ɗaki ɗaya ba ta taɓa lura ba.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ranar da na faɗa za a sallame ni, ba kuwa za a kawo wani ba. Kin ga ɗakin gwajin makarantar da ke maƙwabtaka da mu? Tun da mai kula da shi ya tafi, karyayyun kujeru ake tarawa a ciki. Gani ya kori ji, Malama. Ban so yaran nan su tsaya a ji ba."

Baba Gana, kai ne mai nuna abin da kai ba ka gani. Ɗaruruwan 'yan mata sun ga ƙwayar halitta da idonsu saboda yatsunka, wasu yanzu suna duba jinin marasa lafiya a asibitocin garin nan. Wushe, Baba, wato sannu. Allah ya saka da alheri, ya buɗe idon nan. Mu kuma da ke da ido biyu lafiyayyu muna ƙorafin rashin kayan aiki, sai mu ji kunya mu tashi.

Ranar sallama, shugabar makaranta ta miƙa hannu za ta karɓi makullin ɗakin gwajin, Malama Ketura ta riga ta. Ta ciro albasa daga jakarta ta ce Baba ya koya mata. Sau huɗu tantanin yana yagewa a hannunta, yana yi mata dariya. A na biyar ta shimfiɗa, ta ɗiga aidin, ta leƙa.

"To Malama, me kika gani?"

Ta buɗe baki, hawaye suka rufe mata ɗakunan tantanin duka.

"Ki share, ki sake dubawa," in ji shi. "Ina jira."