Iskar da Hambali Ya Ajiye a Rumbu

A shekarun da kuɗin fetur ya cika hanyar Gwaram da manyan motoci, Hambali ne mai faci a bakin kasuwar Sara. Siriri ne, ga shegen zullumi. Ko taya ya liƙe, sai ya bi motar da kallo har ta ɓace, yana jiran ya ji ta fashe.

Babbar damuwarsa kuwa matarsa Batulu. Ƙirjinta ba ya shiri da hayaƙi. Da zarar damina ta jiƙa itace, sai ta wuni tana hura wuta tana tari har numfashinta ya sarƙe. Wata damina ma saura ƙiris a rasa ta.

A Birnin Kudu ya ga wani malamin gona ya cika duro da kashin shanu da ruwa ya rufe, sai ga iska tana fita ta tiyo tana ci da wuta, shuɗiya, ba hayaƙi. Ya dawo ya haɗa nasa. Amma kashin shanu da rani yake samuwa, lokacin da makiyayi Bappa Manu ke sauke garkensa a gonakin gari. Da damina shanun sun yi nisa. Sai Hambali ya riƙa ɗura iskar cikin tsofaffin tiyub na mota da famfon keke har su yi tauri.

To, ina ake ajiye abin damina in ba rumbu ba? Ya jera su ciki, ya liƙe bakin da laka, ya ɗora jinka, yadda mahaifinsa ke yi wa gero. Rumbun da aka liƙe kuwa ba a fasa shi sai ruwa ya sauka.

Haka ya ƙare rani cikin fargaba, kullum kunnensa a jikin rumbun.

"Malam, ko gero ba a yi masa wannan gadi," in ji Batulu.

Ranar da ruwa ya sauka ya fasa lakar. Ashe ɓeraye masu bin ragowar hatsi sun riga shi, sun huhhuda su. Tiyub ɗaya ne ya tsira.

Batulu ta ɗora tukunya a kan shuɗiyar wutar, ta tuƙa tuwo ba tari ko ɗaya. Hambali na tsugune, yana kallon tiyub ɗin yana lotsewa.

"Gobe ma da wannan zan dafa?" ta tambaye shi tana murmushi.

Ya tashi ya fara shigo da jiƙaƙƙen itace zaure, ko ya ɗan bushe kafin gobe.