Yarinyar da Ban Rubuta Ba

Damina uku na yi ina rabon maganin zazzaɓi gida-gida, kuma a ta farko ce na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Aikin ba mai wuya ba ne. Da ruwa ya zauna, sai a aiko wa ƙananan asibitoci ƙwayoyin da ke kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, a raba su wata-wata har damina ta fita. Na yara ne daga wata uku zuwa shekara biyar. Ranar farko ke za ki jiƙa ƙwayar ki ba yaro a gabanki, ki bar wa uwar ƙwayoyin sauran kwana biyu, ki cika masa kati, ki yi wa bangon gidan alama da alli, ki ƙara gaba. Mata aka fi ɗauka, tunda namiji ba ya shiga gidan mutane. Mai unguwarmu a Illela ya ba da sunana don na gama sakandare, kuma a cewarsa bakina ba ya mutuwa. Maigidana, mai kai albasa ƙetaren iyaka, ya ce in je, muddin zan dawo kafin magariba.

Malamin asibitin da ke kula da mu ya ja mana kunne a kan abu guda: ba a ba kowa na ajiya. Ya ce wasu kan karɓa su kai kasuwa, wasu su ba manya, wasu su haɗa duka su ɗura wa yaro lokaci ɗaya. Yaron da idonki bai gani ba, babu shi. Ni kuwa mutum ce da in an ba ni doka nakan riƙe ta fiye da wanda ya kafa ta. Na riƙe wannan gam, har ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya.

Aka ba ni wasu ƙauyuka ta wajen Araba, da wata ruga a bayansu. Bukkoki ne 'yan kaɗan a kan tudu. Mazan sun yi arewa da shanu tun saukar ruwa don kada su shiga gonakin mutane, sai mata da yara da maruƙa. Babu bangon da zan yi wa alama, sai in yi a gindin turmi, matan suna ta dariya.

A bukkar ƙarshe na tarar da wata yarinyar mace, ba za ta wuce shekara ashirin ba, doguwa, da goyon ɗa namiji.

"Ɗiyanki nawa waɗanda ba su kai shekara biyat ba?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai, ta juyo mini da goyon.

"Shi kaɗai?"

Ta yi shiru tana murza bakin zane. Na ɗauki shirun a matsayin i. Na ba yaron magani, na cika kati, na tattara jakata. Har na kai bakin shinge sai na ji takunta a bayana.

"Malama, ba a barin na ajiya?"

"Na wa?"

"Tsohuwa. Ita ma tana so."

Tsohuwar da take nufi uwar mijinta ce, wadda ta tafi tallan nono Illela tun da sassafe.

"Tsohuwa ta wuce shekara biyat, ƙanwata," na ce da ƙarfi don sauran matan su ji. "Ki ce mata ta tai asibiti."

Suka yi dariya, na ji daɗin kaina, na tafi.

Wata na biyu mai goyon ta tare ni da ƙwaryar kindirmo mai sanyi. Bayan na gama da yaron ta matso kusa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ko zan jira tsohuwa ta dawo daga talla, ko in riƙa zuwa da marece. Na ce mata gidaje na jirana, ni ba a kan ruga ɗaya aka ɗauke ni ba. A raina na ce wato da nono za a saye ni. Nonon dai na shanye shi tas, don rana ta yi zafi.

Ana saura kwana biyu a fara zagaye na uku, ina ƙaramin asibitinmu na wajen Araba ina karɓar kaya, sai ga ɗan kabu-kabu a kan babur ya tsaya da wata tsohuwar Bafillatana. Tana rungume da yarinya 'yar shekara uku, jikinta zafi rau, wuya ya saki, idanu sun kafe. Malamin asibiti ya ja fatar idonta ƙasa, na ga cikin fari fat. Ya tambayi katin maganin damina, tsohuwa ta ce ba a taɓa ba su ba. Ya tambayi daga ina suke, ta faɗi rugar. Ya waiwayo ya dube ni.

"Wallahi ba yaron da nib bari a rugan nan," na ce. "Inna, ɗiyar wa ta?"

"Ɗiyata ta," in ji tsohuwa.

Kafin in sake magana na hangi mai goyon nan a bakin ƙofar asibiti. A ƙasa ta biyo su ta yanke, zanenta duk taɓo har gwiwa. Ba ta shigo ba. Ta tsaya jikin ginshiƙi tana kallon ƙasa, ƙirjinta na hawa da sauka.

A nan na gane. Yarinyar 'yarta ce ta fari. Tun da aka yaye ta aka ba kakarta, ɗakinta take kwana, tare suke tafiya talla kowace safiya. Uwar kuwa ba za ta kira sunanta ba, ba za ta ce tata ce ba, ba za ta ƙidaya ta a gaban mutane ba, ko da wuƙa a wuya. Sau biyu ta yi mini hannunka-mai-sanda iyakar abin da kunya ta bar ta, ni kuma na mayar da ita abin dariya.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma 'yar fari ce. Har innata ta tsufa ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "waccan". In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take farawa. Mu da muka yi boko muka zauna a gari mun yar da abin, ina kiran ɗana na fari gatsal da sunansa, inna tana ce mini marar ta-ido. Amma ban isa in ce ban sani ba. Da baƙuwa ce daga wata ƙasa ta yi wannan kuskuren, da an yi mata uzuri. Ni takarda ce ta rufe mini ido.

Malamin asibiti ya yi wa yarinyar allura, ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai babban asibiti. Akwai wani direban tasha da kan ɗauki marasa lafiya na gaggawa in an kira shi, shi ya kai mu Illela. Na shiga motar ba tare da kowa ya ce in shiga ba. Uwar ta zauna can baya a takure, ba ta dubi inda yarinyar take ba ko sau ɗaya.

A babban asibiti aka ce sai an ƙara jini. Na tsohuwa ba zai yiwu ba. Uwar ta ja ni gefe ta miƙo hannu, ta ce a ɗibi nata kada tsohuwa ta ji. Aka duba, aka ce mai shayarwa ce, ita ma nata bai ishe ta ba. Nawa bai dace ba. Allah ya sa samarin garinmu suna da ƙungiya ta masu ba da jini kyauta, aka buga waya, wani mai faci ya bar aikinsa ya zo da baƙin mai a hannu, ya bayar, ya sha lemo, ya koma. Ko sunan yarinyar bai tambaya ba.

Washegari na je na faɗa wa malamin asibitinmu duk yadda aka yi, har da maganar ajiya, har da nonon. Na zaci zai kore ni. Sai ya ce daga yau duk gidan da muka shiga mu tambayi wanda ke kwana a ɗakin tsohuwa, kuma kada mu tambayi mace 'ya'yanta, mu tambayi maƙwabciyarta. A zagayen da ya biyo baya mun tsinci yara da dama ta haka, ba a ruga kaɗai ba, har cikin ƙauyukan Hausawa.

Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin yarinya tana kwance, kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Likita ya ce an yi abin da za a yi, sai a jira. Tsohuwa ce a bakin gado. Uwar kuwa ta shimfiɗa ɗan buhu a gindin wani dogonyaro da ke fuskantar tagar ɗakin, nan take wuni da goyonta. In na kawo abinci ta karɓa ta yi godiya, in dawo in tarar da shi yadda yake. Ba ta taɓa tambayata jikin yarinyar ba. Sai dai in na fito daga ɗakin ta dubi fuskata, ni kuma in rasa inda zan sa ido. Na ba ta haƙuri sau ɗaya, ta ce, "Mi kika yi, Malama? Ba komi." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Rana ta uku da azahar tsohuwa ta ɗauki buta ta zagaya famfon da ke bayan ɗakin. Tana ɓacewa uwar ta miƙe, ta kwance goyon ta miƙo mini.

"Malama, ki tsaya mini bakin ƙohwa."

Ta shige da sauri. Na leƙa ta taga. Ba ta ɗauki yarinyar ba, ba ta ko taɓa fuskarta ba. Ta durƙusa a ƙarshen gadon, ta kama tafin ƙafarta da hannu biyu, ta kifa goshi a kan katifa.

Ban ankara ba sai ga tsohuwa ta dawo, ruwan alwala na ɗiga daga haɓarta. Na fara laluben ƙaryar da zan tsayar da ita da ita. Ta dubi jaririn da ke hannuna, ta dubi buhun da ba kowa a kansa, ta dubi ƙofa. Sai ta ajiye buta ta zauna a kan dakali.

"Ƙahwahuna sun gaji," ta ce. "Bari in huta."

Na zauna kusa da ita. Masu jinya suna ta wucewa ta gabanmu da kwanuka. An jima sosai, sai muka ji wata 'yar murya daga ciki, a dishe, ta faɗi kalma biyu da Fillanci. Tsohuwa ta runtse ido.

"Inna, mi tac ce?"

"Ruwa taka biɗa."

Na yunƙura zan tashi, ta dafe mini gwiwa da hannunta mai sanyin ruwa.

"Zamna," ta ce. "Akwai mai ba ta."