Abin da Likita Ya Rubuta a Kan Mma

Har yau in na ji warin aidin, maganin nan da ake shafa wa rauni a asibiti, sai raina ya ɓaci.

Ina ɗan shekara bakwai, lokacin Bature bai tafi ba, tukunyar kokon da mahaifiyata ke sayarwa a Zongo ta kife mini a ƙafa. Duk girmana, Mma ta goya ni har wani asibiti a cikin Kumasi. Kwana uku muna can. Likita ya yi Turanci, nas ta maimaita da yaren Twi, Mma ta yi ta kallon bakinsu, don Twi ɗinta bai wuce na ciniki ba. Rana ta uku aka turo tire cike da almakashi da wuƙaƙe. Mutumin da ke gadon kusa da mu kuwa, ƙafa ɗaya aka bar masa. Mma ta saɓa ni muka fice. A bakin ƙofa nas ta cusa mata kati.

Kawuna, mai rubuta wa mutane wasiƙa a wajen unguwar Manhyia, shi ya karanta katin a tsakar gida, gaban kowa.

"Ya rubuta *ill-advised*. Wato kin yi wauta."

"Yaya, ƙafar ɗana fa za su yanke."

"Likita ya faɗa, ba ni ba."

Ƙunar ta warke da maganin gida, amma fatar ta tattare, gwiwa ta ƙi miƙewa. Matan gidanmu na haya suka riƙe maganar. In na wuce ina ɗingishi, sai ka ji, "Ga aikin wautar uwarsa." Haka Mma ta haɗiye maganar har kabari.

Sai da na yi karatu na gane matacciyar fata kawai za su kankare. Kalmar ma kawu bai fassara ta daidai ba. Ba mutum ake kira da ita ba, aiki ne da aka yi bisa gurguwar shawara. Da ita Bature ke tsawata maka cikin ladabi.

To, shawarar wa? Wa ya ba ta, mai kyau ko gurguwa? Garin da Hausa ta cika kasuwarsa, a kwana uku a rasa mutum ɗaya da zai ce, "Baiwar Allah, ba yankewa za a yi ba"?

Yanzu jikata nas ce, tana jin yare huɗu. Ranar da ta fara aiki ta zo neman albarka. Na ce ta je, amma kada alƙalaminta ya taɓa katin wata mace sai ta tambaye ta me ta ji an ce.