Buhun da Yaya Idrisu Ya Ƙi Sa wa Hannu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Idrisu a unguwar Hajj Yusuf, kuma har yau alewa mai tsami ba ta wuce mini maƙogwaro.

Tare muka yi aiki a wata masana'antar alewa a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, zamanin soja, lokacin da kaya suka yi wuyar shigowa. Shi ke kula da haɗi, ni ina ƙarƙashinsa. Akwai farin garin da muke zubawa don tsami, tartarik, irin tsamin da ke cikin tsamiya. Hukuma ta yarda a sa shi a abinci, amma sai tatacce mai hatimi. Da namu ya ƙare, mai masana'anta ya kwaso buhuna daga Kasuwar Umdurman, irin na masu rini. Ba hatimi, ba takarda.

Yaya ya ƙi sa hannu. "Ban san abin da ke ciki ba," ya ce. "Halas, magana ta ƙare, ba zan ba 'ya'yan mutane ba." Aka sallame shi. Aka miƙo mini biro, na sa hannu, na haye kujerarsa.

Da ma a nan na tsaya. A gaban mahaifiyarmu na raɗa masa suna Shehin Tsami, gida ya ɗauka, ana dariya. Ya koma gareji yana wanke injin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa ina ta faɗin ai ban ji wanda ya kwanta ciwo ba. Gaskiya ne ban ji ba. Ban kuma bincika ba.

Yanzu nakan ga mata a kanti suna juya leda suna karanta abin da aka zuba. Da yana nan, na san ba zai ce ai na faɗa ba. Ba halinsa ba ne, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Abin da ya bar mini tambaya ce guda. Wata Sallah ya zo gidana, ya tarar da 'ya'yana mata suna shan alewa. Ya ɗauki leda ɗaya, ya juya, ya ga ta wani kamfani ce.

"Musa, ina taku?"

Na sunkuyar da kai. Ya mayar da ledar faranti, ya sa wa yaran albarka. Har ya rasu bai sake tambaya ba, ni kuma ban amsa ba. Kunya ta hana ni neman gafararsa yana raye. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Tamu ban taɓa kawo ta gida ba.