Akushin Kakana da Gidan Dabbobi

Duk sa'ad da ruwan sama ya sauka a kan ruɓaɓɓen mangwaro a bayan kasuwar unguwar Kilomita Biyar a nan Bangui, warin nan yakan mayar da ni wani gida da ke can bayan gari. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Wasu ƙamshin turare ke tuna musu da ƙuruciya, ni kuwa warin kejin biri ne rabona.

Gidan na wasu Kiristoci ne, miji da mata da 'ya'yansu. Ba wani babban wuri ba ne. Suna da birai, da beguwa, da mesa, da aku mai zagin mutane da yaren Sango, sai wani kada da ba mu taɓa ganin ya motsa ba, har yayyena suka rantse na siminti ne. Mijin ke kula da dabbobi. Matar, wadda kowa ke ce wa Mama, ita ke riƙe da makullin wani dogon ɗaki da suke kira muze, wato ɗakin tarihi. A ciki akwai wuƙaƙen jifa, da gangunan itace, da tsohon kwalekwale, ƙananan kaya kuma an jera su cikin akwatunan gilashi. Kowace ƙabila ta ƙasar nan da kusurwarta.

Kakana ke kai mu, washegarin Babbar Sallah, muna ta ƙyalli cikin sababbin kaya. Mu dai muna wajen birai, shi kuwa sai ya shige ɗakin nan, hannu a baya, yana bin kusurwa-kusurwa kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Wata shekara muka dawo daga can muka iso unguwar Miskine, inda gidanmu yake a lokacin. Sai da ya cire takalmi sannan ya gaya wa kakata cewa ya duba ko'ina, ko allurar Bahaushe babu a ɗakin. Shi kuwa a garin nan aka yanke masa cibiya, a nan ya binne mahaifinsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

"Wata rana za a ce wa yaran nan ba 'yan nan ba ne," in ji shi. "Me za su nuna?"

Yana da wani akushi da mahaifinsa ya taho da shi a ƙafa daga ƙasar Hausa, a tafiyar hajjin da ta tsaya a Bangui. Baƙi ne ƙirin, ya tsage a gefe an ɗaure shi da waya. Shi ya ƙudura zai kai a sa a gilashi. Amma da Sallah ta zagayo, kakata ta ce kwano ba zai fita gidanta wayam ba, me mutane za su ce? Ta cika shi da soyayyen naman layya, ta rufe da faifai, aka ɗora mini a ka.

Mama ta karɓa hannu biyu, tana ta godiya. Kakana ya shafa gefen akushin, ya ce ya girmi duk wanda ke gidan, har da kadan. A ganinsa magana ta ƙare, ai mai hankali ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi mutum ne da ba ya roƙo, yakan ce wanda ya roƙi a sa shi cikin tarihi bai isa shiga ba. Da muka tashi tafiya sai ga Mama da akushin, an wanke shi tas, cike da dafaffiyar gyaɗa. Har yau ina ganin fuskarsa. Ya yi godiya muka juyo. A mota na tsokane shi, na ce angona, an dawo maka da lefenka. Ya ce in rufe masa baki ko ya sake ni a nan take.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Akushi ya tafi da nama, ya dawo da gyaɗa, ko mangwaro, ko ayaba. Kowace shekara kakana sai ya ƙara wa labarinsa gishiri, Mama ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai, ta shiga madafa da shi. Da na girma kaɗan na ce bari ni in gaya mata. Ya harare ni, ya ce in na kuskura ba ni ba shi.

Zuwanmu na ƙarshe tare da shi Mama tana kwance ba lafiya. 'Yarta, wadda muke wasa tare, ita ta karɓi akushin, kuma ba a dawo da shi ba. Kakana ya koma gida yana murmushi, ya ɗauka an gane a ƙarshe. Bai ga wata Sallar ba. Bayan rasuwarsa tashin hankali ya zo, wanda ba na son tuna shi. Gidanmu na Miskine ko bango bai saura ba. Muka matsu cikin Kilomita Biyar, wasu 'yan'uwa suka wuce Chadi da Kamaru, mutanen da muka tashi tare suka riƙa ce mana baƙi. Sai a lokacin na gane abin da tsohon nan yake tsoro.

Ban koma ba sai da ƙura ta lafa, ina da 'ya'ya. Na tarar da keji duk wayam, ciyawa ta cinye ramin kada, Mama kuma ta daɗe da rasuwa. 'Yar ta gane ni tun daga ƙofa, muka rungume juna muka yi kukanmu. Ta buɗe mini ɗakin tarihi, na bi shi kaf, babu akushi. Sai ta shiga madafa ta fito da shi a naɗe cikin zane. Na kasa haƙuri, na faɗa mata abin da kakana ya mutu bai faɗa ba. Ta ce ai mahaifiyarta ta gane tun ranar farko.

"Mama ta ce abin da masu shi suka tafi suka bari ake sawa a gilashi," ta ce da ni da Sango. "In ta sa shi, tsoho zai daina zuwa, mu ma ba mu da abin da za mu aika muku a ciki." Ta dube ni sosai. "In kun tafi ne, sai in sa shi yau. Kun tafi?"

Na ce muna nan.

"To, jira in zuba miki gyaɗa."

Yanzu gari ya yi sanyi, amma ba kamar da ba. Mutane ba sa ƙetarawa gidajen juna sai da dalili, yaranmu kuma Sango ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, wasu ba su taɓa ganin kada ba sai a waya. Nakan kai nama gidan nan kowace Sallah, ko da yake ba abin kallo. Ina kewar birai da hayaniyarmu, ina kewar tsohon nan da taurin kansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya tafi bai ji tambayar nan ba, don shi ya kamata ya amsa ta da bakinsa.