Dattijon da Ke Gwada Riga da Kumatu

Na zo karɓar riguna a shagon da ake buga hoto a jikin tufa, mai shagon ta ce in ɗan jira. Ta ƙofar ɗakin baya nake hango shi.

Dattijo ne siriri, gashin hannunsa duk ya babbake. Yana shimfiɗa baƙar riga, ya fesa mata wani ruwa fari, wanda in babu shi tawada ba ta zama a yadi, sannan ya danne ta da injin guga. Duk ɗagawar murfi sai tururi mai tsami ya doke shi a fuska. Ɗakin ba taga, fankar ma ta mutu.

Ba ya taɓa rigar da yatsu don ya ji ko ta bushe. Ɗaga ta yake ya manna a kumatun dama, ya lumshe ido. Wurin ya yi baƙi, ya yi kanta kamar gwiwa.

"Baba, ba da hannu ake ji ba?" na tambaye shi.

Ya miƙo yatsunsa, sumul, ko zane babu. "Waɗannan sun daina ji tun bara, 'yata."

Wataƙila da kumatun nan yake duba goshin jikarsa in zazzaɓi ya kama ta.

"Saura arba'in fa, Baba!" mai shagon ta ƙwala masa.

Ya yi tari, ya manna wata rigar a kumatun dama. Ya daɗe da ita a manne, da alama bai ji komai ba. Sai ya juyo da kumatun hagu.