Tsagen Kakata

Jiya wata ɗaliba ta shigo birona, wato ofishina, da ƙamshin kajiji a mayafinta, sai na kasa ci gaba da aiki. Ƙamshin ɗakin kakata ne a Gure.

Da bazara, in zafi ya hana kowa motsi, nakan kwanta a cinyarta ƙarƙashin rumfa tana saƙar tabarmar kaba. In miƙa yatsa ina bin tsagen kumatunta, dogaye, tun daga gefen ido har haɓa. Sai ta buge mini hannu. "Kai, mijin banza! Ba ka kawo cefane ba, ka zo kana ɓata mini ado." A kasuwar Gidigir kuwa, baƙo ya dube ta sau ɗaya ya san mutanenta, ya gaishe ta da Barbarci.

Ta rasu ina lakwal, ina karatu a Damagaram. Hotonta ɗaya tak ya rage, na kartidantite, katin shaidarta, duk ya koɗe ya ƙarje.

Yau ina koyarwa a jami'a, bincikena a kan yadda ordinater, wato kwamfuta, ke gani yana gane fuska. Ni da ɗalibaina mun yi shekaru muna koya masa gyaran tsofaffin hotuna, ya share ƙarzuwa da tabo. An yaba mana har ƙasashen waje, kaina ya kumbura, ba na musu.

Da na je gida hutu, na ce bari in faranta wa Inna, mahaifiyata. Na sa wa ordinater hoton. Ya fito tas, fata sumul. Ashe tsagen ma ƙarzuwa ya ɗauke shi, ya goge. Fuskokin da muka koyar da shi da su, babu mai tsage ko ɗaya. Wallahi ni kaina ban lura ba, murna ta rufe mini ido.

Na miƙa wa Inna hoton a wayata, ta kai ta kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. "Tubarkalla," ta ce. "Ƴar gidan wa ce?"

Tun da na dawo nake ƙoƙarin mayar da tsagen da hannuna. Abin yana ci mini rai. A tsohon hoton, ni ma na kasa rarrabe tsage da ƙarzuwa. Wanzamin unguwarmu ya rasu, yaran yanzu ba a yi musu tsage, idon Inna kuma kullum raguwa yake. Duk wanda na zana na aika mata, amsarta ɗaya ce: "Ka kusa, ɗana, amma ba uwata ba ce."